Tankar Yaƙi a Tafin Hannu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Tankar Jamus da ake kira Tiger I, wadda aka fara ƙerawa a 1942, nauyinta ya kai kimanin tan 57, tsawonta daga bakin igwa zuwa baya kuwa ya kusa mita takwas da rabi. A yau akwai dubban mutane a Japan da China da Turai da Amurka, galibinsu magidanta, da ke zama da daddare bayan sun taso daga aiki suna haɗa wannan tanka a kan teburi, a tsawon kimanin santimita 24. Wani ya gama a mako biyu, wani ya shekara yana kanta. Ba ta tafiya, ba ta harbi, ba a kuma ba yaro ita ya yi wasa. Abin da ake nema shi ne idan aka ɗauke ta hoto kusa-kusa, mai kallo ya yi jim kafin ya gane cewa roba ce.

A kwali kayan suke zuwa. Idan ka buɗe za ka tarar da ƙananan sassa maƙale a jikin rassan roba, kowanne da lambarsa. Kamfani yakan narka roba ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, hanyoyin da narkakkiyar robar ta bi kafin ta cika kowane gurbi su ne waɗannan rassa. Akwai takardar umarni mai zane-zane, akwai kuma wata 'yar takarda mai ɗauke da lambobin mota da tambarin runduna, waɗanda ake jiƙawa a ruwa su sulale a manna su. Kwali mai sauƙi ba ya wuce sassa ɗari ko ɗari biyu. Na ƙwararru yakan haura dubu, musamman idan an haɗa da inji da kujerun ciki da harsasai a ma'ajinsu, abubuwan da da zarar an rufe murfi ba mai sake ganinsu.

Komai a wannan sana'a da ma'auni yake tafiya. Idan an rubuta 1/35 a kan kwali, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana madadin santimita 35 a jikin motar gaske. Soja mai tsawon mita 1.75 zai dawo santimita biyar. Jif ɗin Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu ba za ta cika santimita goma ba. Akwai 1/72 da 1/76 ga mai ƙaramin ɗaki, akwai 1/48 a tsakiya, akwai 1/16 ga wanda ke da fili da kuɗi. Amma 1/35 shi ne sarkin kasuwa, kuma ba wani lissafi mai zurfi ne ya kawo shi ba. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya faro a 1946 da sana'ar katako, ya fitar da samfurin tankar Panther mai tafiya da batir a farkon shekarun 1960. An yi girmanta ne daidai yadda batira da ƙaramin inji za su shige cikinta. Da aka auna daga baya, sai aka ga ta faɗo a kan ɗaya bisa talatin da biyar. Kamfanin ya ɗore a kai, ya fara jerin sojoji da motoci a wannan ma'auni a 1968, sauran kamfanoni suka bi sahu don kayansu su dace da nasa. A Ingila kuwa Airfix ne ya raini yaran shekarun 1950 da 1960. Abin da ya fara fitarwa a 1949 ba ma kayan yaƙi ba ne, tarakta ce ta Ferguson. Yanzu kamfanonin sun yawaita: Italeri a Italiya, Revell a Jamus, Zvezda a Rasha, MiniArt da ICM a Yukiren, Academy a Koriya ta Kudu, Dragon da Trumpeter da Meng a China da Hong Kong.

Wanda bai sani ba yana zaton manna sassan ne babban aiki. Shi ne mafi sauƙi. Babban aikin yana farawa tun kafin a yanke sashe na farko, da tambaya ɗaya: wace tanka ce wannan, ta wace runduna, a ina, a wane wata? Domin babu wata aba guda da ake kira “Sherman” kawai. Amurka ta ƙera tankar M4 Sherman kusan 49,000 tsakanin 1942 da 1945, a masana'antu daban-daban. Wasu jikinsu zubi ne mai zagayayyun kusurwoyi, wasu faranta ne aka yi wa walda. Wasu igwarsu milimita 75 ce, wasu 76, sannan sojojin Birtaniya suka ɗora wa wasu tasu doguwar igwar suka kira su Firefly. T-34 ta Tarayyar Sobiyet ma haka take. Wadda aka ƙera a masana'antar tarakta ta Stalingrad a 1942, lokacin da roba ta yi ƙaranci, ƙafafunta ƙarfe ne tsura, kuma mai ido yana bambanta ta da wadda ta fito daga Nizhny Tagil ko Gorky.

Ga misali ɗaya da ke nuna yadda kuskure ke shigowa. Daga wajen tsakiyar 1943 Jamusawa sun riƙa shafe jikin tankokinsu da wani ƙullu mai suna Zimmerit, suna yi masa tsaga-tsaga, don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. A Satumbar 1944 suka daina, bayan an yi ta raɗe-raɗin yana kamawa da wuta. Yaƙin Tunisiya kuwa ya ƙare a Mayun 1943. Ke nan duk wanda ya haɗa Tiger ya shafa mata Zimmerit ya ce a Tunisiya take, ya haɗa abin da bai taɓa wanzuwa ba, komai kyan fentinsa. Tiger ta Tunisiya tana da manyan matatun iska a baya saboda ƙura, da ƙafafu masu bakin roba. Ƙafafun ƙarfe zalla sai a farkon 1944 suka zo. Duka-duka Tiger I 1,347 aka ƙera, amma littattafan da aka rubuta kan sauye-sauyenta wata bayan wata sun isa su cika kanta.

Daga ina ake samo wannan sani? Daga tsofaffin hotuna, da littattafan masu gyara na soja, da motocin da suka tsira. Gidan adana tankoki na Bovington a kudancin Ingila yana da Tiger mai lamba 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943. Ita kaɗai ce Tiger I da injinta ke tashi har yanzu, ita ce kuma aka gani a fim ɗin Fury na 2014. Shunsaku Tamiya, ɗan wanda ya kafa kamfanin, ya yi suna da zagaya irin waɗannan gidaje da kyamara da abin awo. Sai dai motar gidan tarihi ma ba a yarda da ita ido rufe. Da yawa an sake musu fenti bayan yaƙi da launin da ya samu, wasu an cike musu giɓi da sassan wata motar. Hotunan zamanin kuma mafi yawansu baƙi da fari ne, shi ya sa gardamar launi tsakanin masu wannan sha'awa ba ta ƙarewa.

Kayan aikin farko ba su da yawa: ƙaramar filaya mai kaifi ta yanke sassa, wuƙa mai siririn baki ko reza, hantsaki, sanfefa mai laushi, da gam. Ba a murɗe sashe daga reshe da hannu, zai bar rami ko ya karye. Ana yankewa nesa kaɗan, sannan a goge saura. A jikin kowane sashe akwai siririn layi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, sai an kankare shi da bayan wuƙa, in ba haka ba fenti zai fito da shi fili. Bututun igwa da ya zo gida biyu shi ne ya fi tona asirin sabon shiga, domin layin haɗin yana bin tsawonsa gaba ɗaya. Gam ɗin roba ba danƙo ba ne. Ruwa ne mai narka fuskar robar, sassan biyu su narke su zama abu ɗaya idan ya bushe. Ana haɗa sassan tukuna, a taɓa bakin ɗan burushi a mahaɗar, ruwan ya bi tsagar da kansa. Wanda ya zuba da yawa, ko ya dafa da yatsa kafin ya bushe, zai ga zanen yatsansa a jikin sulke har abada.

Sarƙar tanka ita ce mai gwada haƙuri. Tsofaffin kwalaye suna zuwa da ita a matsayin ɗamara ta roba mai laushi. Na zamani kan kawo ta ƙwaya-ƙwaya, kuma Tiger I tana da 96 a kowane gefe. Me ya sa mutum zai yarda da wannan wahala? Saboda nauyi. Sarƙar ƙarfe ta Panzer IV ko KV-1 tana ɗan lotsawa tsakanin ƙananan ƙafafun da ke riƙe ta a sama, ta T-34 tana kwanciya a kan manyan ƙafafu, ta Sherman kuwa a ɗame take. Wannan lotsawa ce ke sa ido ya yarda cewa abin da yake gani yana da nauyi.

Akwai kuma iyakar abin da roba za ta iya. Farantin da ke kare laka a gefen tanka kaurinsa milimita biyu ne ko uku. Raba shi gida 35, ka ga bai kai kaurin takarda ba, kuma ba a iya zuba roba da wannan siranta. Don haka ake sayar da faranta na tagulla waɗanda aka zana da haske aka cinye da sinadari, masu ɗauke da ragar inji da maɗauran shebur da gatari da ƙananan ƙugiyoyi. Ana lanƙwasa su da hantsaki a manna da sufa gulu, tunda gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe. Akwai bututun igwa na alminiyum, akwai sassan da ake zubawa da wani ƙaro mai tauri, ga kuma na'urar ɗab'i mai fitar da abu da siffarsa, wadda ta sauya kasuwar a 'yan shekarun nan. Ƙurar wannan ƙaro tana cutar da huhu, sai a jiƙa sanfefa kafin a goga, a kuma rufe hanci. A ganina da yawa daga cikin waɗannan ƙarin kaya ɓarnar kuɗi ne ga mai koyo. Siririn waya daga tsohon kebul zai yi marikin ƙofa da ya fi na kwali kyau. Reshen robar da za a zubar, idan aka gasa shi a kan kyandir aka ja, yakan zama zare da za a yi eriya ko layin walda da shi. Takardar goge hannu da aka jiƙa da farin gam na kafinta tana bushewa ta zama tamfol mai ninki.

Irin kayan da sojoji ke ɗaurawa a bayan mota suna da nasu ilimin. Jarkar Jamusawa mai hannu uku, wadda ta fi ta kowa inganci har abokan gaba suka kwaikwaye ta, idan ta ruwa ce akan zana mata farin kuros don kada a gauraya ta da ta mai. Duk abin da aka ɗora kuma sai an nuna igiyar da ta riƙe shi. Jaka da ke manne a jikin sulke babu maɗauri, alƙalan gasa suna hango ta daga nesa.

Sai fenti. Ana fara shimfiɗa na ƙasa, wanda ke kama roba ya kuma fallasa duk wani rami da aka manta. Launin da zai hau kai tarihi ne ke faɗarsa. Motocin Jamus toka-toka ne mai duhu a farkon yaƙi. A Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, aka raba wa runduna kore da ja-ja su yi ɓad-da-kama da kansu a fagen daga. Wasu suka tsinka fentin da fetur suka fesa, wasu suka dama da ruwa suka shafa da tsumma, don haka ba za ka sami tanka biyu iri ɗaya ba. Amurka ta tsaya kan kore mai duhu irin na zaitun, Sobiyet kan nata koren da ake kira 4BO. Da hunturu, lokacin dusar ƙanƙara, kowa ya shafa farar ƙasa ko farin fenti mai wankuwa, wanda kafin bazara ya zube rabi. Ana iya fenti da burushi, amma a tsinka shi sosai a yi shafi uku ko huɗu, kada a yi ɗaya mai kauri da zai binne kan noti. Masu hali suna amfani da 'yar bindigar fesa fenti mai aiki da kwamfuresa. Wani abu da gogaggu suka lura da shi: launin gaske idan aka sa shi yadda yake a kan ƙaramin abu sai ya yi duhu fiye da kima, don haka sukan ɗan haskaka shi. Lambobi kuma a kan fuska mai sheƙi ake manna su. A kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashi, gefen lambar ya riƙa ƙyalli.

A nan aka iso wurin da ake bambanta gwani da mai koyo, wato tsufar da motar. Tanka sabuwa fil, launi ɗaya daga sama har ƙasa, kamar abin wasa take fitowa. Sai a tsinka fenti mai duhu ya zama ruwa-ruwa, a ɗiga shi ya bi tsagogi da gindin noti ya zama inuwa. Sai a ɗebi launi mai haske a burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a shafa a kan kusurwoyi su fito. François Verlinden na Beljiyam ne ya yaɗa wannan salo a shekarun 1970 da 1980. Daga baya masu fenti na Sifen, irin su Mig Jiménez, suka zo da salon da ya fi yawa a yau: ɗigon fentin mai da ake ja ƙasa ya zama sawun ruwan sama, ƙwarzane da ake yi da guntun soso, garin launi da ke zama ƙura ko laka. Akwai ma dabarar fesa man gyaran gashi tsakanin launi biyu, ta yadda idan aka jiƙa na sama zai ɓare ya nuna na ƙasa. Bakin fensir da aka goga a haƙoran sarƙa yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya sha guga.

Matsalar ita ce abin yana da daɗi, hannu ba ya son tsayawa. Za ka ga samfurin tankar da a tarihi wata uku ta yi a fagen daga kafin a ƙone ta, amma an lulluɓe ta da tsatsa kamar ta shekara talatin a bola. Motocin yaƙi ba su cika daɗewa ba, kuma akwai fentin kariya a ƙarƙashin launinsu. Tsatsa ta gaskiya tana salansa da sarƙar ajiya da aka rataye. Wasu har motar M113 ta Amurka suke sa wa tsatsa, alhali jikinta alminiyum ne. Kowane tabo sai ya kasance da dalili: fenti yana gogewa inda takalmi ke takawa da inda hannu ke kamawa, mai yana zuba kusa da bakin tanki, laka tana fantsama daga ƙasa zuwa sama da baya. Mai son koyon wannan ba ya buƙatar littafi. Ya tsaya a tasha ya ƙare wa tirela kallo, wadda ta taso daga Agadas da rani da wadda ta biyo hanyar ƙauye da damina, ya ga inda ƙura ta kwanta da inda iska ta share ta.

Wasu ba sa tsayawa kan mota kaɗai, sai sun yi mata ƙasa da bango da mutane, ta zama labari. Shepard Paine na Amurka ne ya koya wa mutane da yawa wannan, ta 'yan takardun da kamfanin Monogram ya riƙa sakawa a kwalayensa a shekarun 1970. Akwai ƙungiyoyi da gasanni. Ƙungiyar IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, tana babban taronta a Telford duk Nuwamba, Shizuoka kuma tana nata baje-kolin a watan Mayu.

Wanda ya leƙa kantin waɗannan kaya zai lura motocin Jamus na zamanin Hitila sun fi na kowa yawa, har da waɗanda ba su wuce zane a takarda ba. Dalilin kasuwa ne: launukansu da ire-irensu sun fi jan ido. Amma gwamnatin da ta ƙera su ta kashe miliyoyin mutane, ta kuma yi amfani da aikin tilas a masana'antunta. Dokar Jamus ta hana nuna tambarin Nazi a irin waɗannan kaya, shi ya sa kamfanoni da dama ba sa saka shi a kwali. Mai haɗa samfurin da ya san kaurin kowane faranti amma bai san wannan ba, karatunsa bai cika ba.

A ƙasar Hausa ƙera ƙaramar mota ba baƙon abu ba ne. Yaran da suka yi motar kara da ta langa-langa da ta waya sun riga sun san auna abu da ido da neman abin da zai maye gurbin wani. Abin da ke da wuya shi ne samun kayan. Galibi sai ta intanet ko ta hannun matafiyi, kuma gam da tina da fentin gwangwani masu kama wuta ne, ba a cika yarda a ɗauko su a jirgin sama ba. Fentin ruwa na masu zane, irin wanda ba ya wankuwa idan ya bushe, yana iya tsayawa a madadinsu. Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Da zafi fenti yakan bushe a bakin bindigar fesawa ko a iska kafin ya sauka, ya bar fuska mai yashi-yashi, don haka da asuba ko da daddare ya fi. Da hunturu ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti, sai a kifa kwali ko roba a kai har ya bushe. Samfurin da aka bari a mota cikin rana kuwa zai lanƙwashe. Mai farawa ya nemi kwali mai sassa kaɗan da launi ɗaya, jif ko T-34, ya gama shi ko da bai yi kyau ba, kafin ya taɓa mai sassa dubu.

Kuma ba dole sai fagagen yaƙin Turai irin su Normandi ko Kursk ba. Sojojin Faransa masu 'yanci ƙarƙashin kwamandansu Leclerc sun taso daga Cadi a manyan motoci suka ƙwace Kufra a kudancin Libiya a Maris na 1941, kuma mafi yawan mayaƙan 'yan Afirka ne. A 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da a-kori-kura ƙirar Toyota, kuma akwai kwalayen irin waɗannan motoci a 1/35. Motocin sulke na Ferret da Saladin sun yi aiki a yaƙin basasar Nijeriya, gidan tarihin yaƙi na Umuahia kuma yana ajiye da motocin sulken da Biyafara ta harhaɗa da kanta. Sai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, inda Hausawa da masu jin Hausa suke da yawa. A kwarin Kaladan sun sare daji sun buɗe hanyar jif da hannu, mafi yawan kayansu kuma a ka aka ɗauke su. Kwalayen da ke ɗauke da waɗannan sojoji kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke son nuna su sai ya sayi jif da sojojin Birtaniya na 1/35, ya sauya kawuna, ya yi musu malafa mai faɗin baki da adda a ƙugu, ya kuma nemo tsofaffin hotuna ya ga yadda suke ɗaure kaya a kan gammo.